Malam Tukuna da Tabilet ɗin Inna

Ba iyayensa ne suka raɗa masa Tukuna ba, mutanen layinsu ne, kuma tsakani da Allah ba su zalunce shi ba. Idan ka tare shi a ƙofar gida ka ce za ka sayi waya, wacce ya ga ta dace, sai ya gyara tsayuwa, ya tura tabarau sama, ya ce, "Tukuna." Wai akwai wata tana hanya, an gyara mata batir, kyamararta ta ninka ta yanzu. Ran da waccan ta fito ka koma masa da murna, sai ya ce ai an gano tana ɗaukar zafi, a jira ƙanwarta. Mai wankin layin ya bi shawararsa har kuɗin wayar suka narke a hidimar gida. Tela ya fi shi wayo, ya saya a ɓoye, ya riƙa cusa ta ƙarƙashin yadi duk sanda ya hango Malam tafe.

Matarsa, wadda kowa ke ce wa Malama saboda tana koyarwa a firamare, ita ta fi kowa sanin cewa ba mugunta ba ce, kuma wannan sanin shi ya fi ci mata rai. Da mugu ne da ta san yadda za ta yi da shi. Mutum ne mai kirki wanda ba ya iya ganin an sayi abu alhali akwai wanda ya fi shi, ko da wanda ya fi shin bai bar masana'anta ba. Ta daɗe tana ɗaukar abin a matsayin ciwon da ake zama da shi, har shekarar da idon surukarta ya fara tafiya.

Inna tana can tsohon gidansu, tafiyar wuni guda a mota, ita da wata ƙanwarta da mijinta ya rasu. Likita ya gaya musu ba ɓoye-ɓoye: ba yanar da ake kankarewa ba ce, ciwon suga ne ya taɓa jijiyar idon, ganin zai riƙa raguwa ne kawai, magani sai dai ya rage masa gudu. A daidai lokacin kuma Auta, ƙanwar Malam da ke aure a wata ƙasa mai nisa, ta haifi ɗanta na fari bayan dogon jira. Takardunsu ba su bari ta zo ba, ba kuma a san ranar da za su bari ba. Inna ba ta nemi komai ba sai abu ɗaya, ta ga fuskar yaron nan da idonta. An gwada wayoyin maƙwabta, ta kawo su har bakin hanci, ta ce ba ta ganin komai sai ɗan haske yana motsi. Likita ya ce da za a samo mata mai faɗin fuska, irin wadda ake kira tabilet, mai haske sosai, har yanzu za ta iya gani. Ya ƙara da cewa kada a yi wasa da lokaci.

Da 'yan'uwa suka yi maganar, tun kafin a rufe baki Malam ya ce kowa ya janye hannu, wannan nasa ne. Ba wanda ya musa, tunda shi ne masanin dangi. Malama kuwa tana daga kicin tana jin su.

Ta san tarihin. Inna da bakinta ta sha ba ta labarin yadda tun yana ɗan makaranta ya kwance rediyon Baba don ya ga mai magana a ciki, ya mayar da ita tsaf, har ta fi da kama tasha, sai dai daga ranar ba a sake barin rediyon ta huta ba. Ya girma ya sami aiki a ofishin ruwa, yana buga takardun masu famfo a wata kwamfuta da ya raina kamar me. In an tashi aiki ba ya zuwa kallon ƙwallo, ba ya zaman shayi. Majalisarsa shagon wani mai gyaran waya ce, ƙarƙashin matattakalar wani bene, inda ake zama kan robar fenti ana shaƙar hayaƙin dalma. Nan yake haɗuwa da ire-irensa, su yi ta musu kan wayoyin da babu wanda ya taɓa riƙewa a cikinsu, har jijiyar wuya ta tashi. A gida, saman sif cike yake da kwalayen kayan da suka mutu tun tuni, wai kwali ba abin yarwa ba ne. Akwai durowa guda ta igiyoyin caja zalla, ya ɗaure kowace da roba. Wayar da ke aljihunsa kuwa tsohuwa ce, bayanta ya tsage, ya liƙe da salatif, domin wadda ta cancanci ya saya ba ta fito ba.

Ko aurensu sai da ya so ya yi masa tukuna, wai ya ga yadda ƙarin girma zai kasance a ofis. Mahaifinta ne ya aika masa cewa 'yarsa ba kayan kanti ba ce da za a jira sabon samfuri. Malama takan ce ita kaɗai ce abin da ya taɓa ɗauka ba tare da ya karanta ra'ayin masana ba.

Makon farko ya yi shi da zafinsa. Ya riƙa dawowa daga aiki ya zauna a gefen gado, laftof kan cinya, yana kallon bidiyon wasu mutane suna buɗe kwali suna auna hasken sikirin, wato fuskar tabilet, da na'ura. Yara na ta kai da kawo, abinci na sanyi, shi yana can. Ya fitar da guda uku, ya soke biyu, ta ukun ma ya ce haskenta ya yi, amma ana maganar mai bi mata za ta fito ƙarshen wata. Malama ta ce da babu gara ba daɗi. Ya ce araha ba ta ado, kuma gaggawa aikin shaiɗan. A fagen karin magana ba a kayar da shi, domin duk wadda ta goyi bayan jira ya haddace ta.

Yaya Babba, wan Malam, wanda direban babbar mota ne ba ya son dogon turanci, ya gaji. Ya shiga kanti ya nuna wadda ta fi faɗi, aka sa masa a leda. Kuskurensa ɗaya, da ya biyo da ita gidan Malam don a sa mata layi a koya masa inda ake latsawa. Malam ya karɓa, ya juya kwalin ya karanta bayansa, fuskarsa ta canza kamar an yi masa rasuwa. Ya kunna ta, ya rage hasken, ya ɗora kyamarar tsohuwar wayarsa a kai, ya ce Yaya ya duba. A cikin kyamarar sai ga wasu baƙaƙen layuka suna gudu daga sama zuwa ƙasa. Ya bayyana cewa sikirin ɗin ƙiftawa yake yi da saurin da ido ba ya kamawa, amma jijiya tana ji, mai lafiyar ido ma yana sa shi ciwon kai.

"Yaya, in ka ba Inna wannan, shi zai ƙarasa mata ɗan ganin da ya rage."

Yaya ya tsaya yana kallon layukan. Ya mayar da ita leda, ya ce shi dai ya cire hannunsa, ya fita ko ruwa bai sha ba.

Wannan maganar ita ta ɗaure dangin gaba ɗaya. Ko gaskiya ce ko rabin gaskiya, babu wanda ya sani, babu kuma wanda yake so a ce shi ya makantar da Inna. Malama da kanta ta taɓa zuwa kanti bayan an tashi makaranta, da niyyar ta saya ta aika ba tare da ya sani ba. Mai kanti ya jera mata guda huɗu a kan gilashi. Ta dube su, duk fes, duk haske, ta tambaye shi wacce ce ba ta ƙiftawa. Ya ce shi tunda yake sayar da su bai taɓa ganin wadda ta ƙifta ba. Ta fito hannu wofi, tana jin haushin mai kanti, tana jin haushin mijinta, ta fi jin haushin kanta da ya zuba mata tsoron nan ta ɗauka.

Yaron Auta ya fara zama. Inna takan kira da 'yar wayarta mai maɓalli, ta gaisa da jikoki, ta tambayi aiki, sai can ƙarshe ta ce, "Ya maganar abin nan?" Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Malam ya ce ana nan ana ƙoƙari, ya kusa. Ta sa masa albarka ta kashe.

Da hutun makaranta ya zo Malama ta ga mafita. Za su je gaida Inna, laftof ɗinsa kuwa fuskarta ta fi kowace tabilet faɗi. Ta faɗa masa, ya yaba, har ya ce abin bai zo masa a rai ba. Ta kwana da farin ciki. Abin da ba ta sani ba shi ne, ana jibi za su tafi, wani ɗan majalisarsu ya ba shi labarin wata sabuwar manhaja ta kyauta da ke sa kwamfuta gudu, ya share wadda ke kan laftof ɗin ya ɗora wannan, wai don hoton ya fi fita ran da za a kira Auta.

Da suka isa, aka shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwar baranda, ta sa tufafinta na fita kunya, har da turare, kamar yaron zai ji ƙamshi. Gwaggo, ƙanwar tata, ta zauna gefenta. Auta tana can ta yi wa yaro wanka tana jira. Malam ya buɗe laftof, komai ya tashi da gudu kamar yadda aka yi masa alkawari, sai kyamara da ta ce ba ta san zancen ba. Ya gyara ta, sauti ya ɗauke. Ya dawo da sauti, manhajar kiran ta ƙi buɗewa gaba ɗaya. Ya ce minti biyar. Inuwa ta matsa, aka ja tabarma. Ya riƙa buga wasu rubuce-rubuce farare a kan baƙin allo, yana tambayar 'yan majalisa ta waya, kowa na turo nasa maganin. Malama ta ce a buɗe hotunan yaron kawai, ko su Inna ta gani. Ashe hotunan suna cikin abin da ya share, sake sauko da su kuma sabis ɗin unguwar ya gaza. Yaron ya yi barci a can. Inna ta tashi ta yi alwala, ta cire mayafin fita kunyar ta ninke. Har suka juyo laftof ɗin ba ta yi kiran ba, ko da yake a mota ya gaya wa Malama cewa yanzu tana kunnuwa cikin rabin lokacin da take ɗauka da. Ta juya fuska ga taga, don in ta buɗe baki a gaban fasinjoji ba ta san inda za ta tsaya ba.

A gida ta tsaya. Ta rufe ƙofar ɗaki saboda yara, ta gaya masa abin da ta daɗe tana haɗiyewa: cewa a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, cewa ta lura Inna yanzu da laluben bango take zuwa bayi, cewa shi bai lura ba domin kansa na cikin laftof. Ya saurara, bai yi fushi ba, wanda shi ma wani abin haushin ne. Ya ce ya gani. Ya ce shi ya sa ma ba zai kai mata tarkace ba, ido ɗaya ne ya rage mata mai ɗan dama, uwarsa ce, ba zai yi caca da shi ba. Idonsa ya kawo ruwa yana faɗa. Ta gane da gaske yake, a ransa duk wannan jan ƙafar hidima ce yake yi wa Inna.

"To yaushe?"

"An sanar da wata sabuwa. Ba ta ƙiftawa ko kaɗan, an auna. Shigowa kawai ake jira."

"Idon ma ka ce masa ya jira shigowa?"

Ya zauna yana murza salatif ɗin bayan wayarsa.

Yaron ya yi rarrafe, ya fara kama kujera yana miƙewa. Inna ta daina tambayar abin nan in ta kira. Malam ya ɗauki hakan a matsayin haƙuri, yana ma yaba ta. Malama kuwa shirun ya fi tambayar tayar mata da hankali.

Sai ga tabilet ɗin da yake jira ta shigo. Ya zo da ita gida a rungume, ya sa aka share tebur, ya wanke hannu, ya yanka ledar da reza a hankali don kada kwalin ya yi rauni. Maganar gaskiya, kyakkyawa ce. Ya ɗora kyamara a kai, babu layi ko ɗaya, ya kira Malama da yara su shaida. Ta ce alhamdulillahi, gobe Asabar, sai su kama hanya. Ya ce e, amma tukuna. Akwai manhajojin banza da kamfani ya cusa da sai ya cire, akwai gyaran da aka ce za a turo mako mai zuwa, kuma bai kamata a kai wa tsohuwa abu ba a gwada batirinsa ba, ga shi rigar da za a sa mata ba ta iso ba.

Da gari ya waye, yana wanka, Malama ta zare tabilet ɗin daga caji, ta naɗe ta a cikin zani, ta sa a jaka, ta bar wa babbar 'yarsu sallahun ƙannenta, ta nufi tasha. Mota na gab da cika sai ga shi a guje, maɓallan riga a karkace, caja a hannu. Ya zauna kusa da ita yana haki. Ta jira faɗa, sai ya ce ta manta kan cajar, kuma kada ta sake naɗe ta a zani, zare na shiga ramin caji.

Sun isa da la'asar. Gwaggo ce ta tare su a zaure, ta riƙe hannun Malama ta ɗan matsa. Inna tana zaune bakin gado a ɗakinta. Da suka yi sallama ta amsa da fara'a, ta juyo da fuskarta wajen ƙofa, amma ba daidai inda suke tsaye ba, ɗan gefe kaɗan. Malama ta ga haka. Malam bai gani ba, yana ta neman inda sabis ya fi ƙarfi.

Wannan karon komai ya yi aiki. Bugu ɗaya Auta ta ɗauka, ta fito tar kamar tana cikin ɗakin, yaron a cinyarta yana cin yatsa. Malam ya ƙure hasken, ya durƙusa gaban Inna, ya ɗora mata a hannu.

"Inna, ga shi nan. Ga Auta, ga mai gidan naki."

Inna ta shafa gilashin da tafin hannu, ta shafa gefunan. Ta ce tubarkalla, santsi gare ta. Ta kawo ta kusa da fuska, ta matsar, ta karkata kai ta gwada da gefen idon dama. Auta tana ta cewa Inna kin gan shi, ga shi yana miki dariya. Inna ta ɗan jima a haka.

"Ka kunna ta kuwa?"

Gwaggo daga bakin ƙofa ta ce tun watan jiya ganin ya tafi, Inna ce ta hana a faɗa, wai kada a tayar wa ɗan nata da hankali yana can yana wahalar nema mata mai kyau. Duk maganganun da Malama ta tanada tsawon hanya, duk gorin da take da haƙƙin yi, babu wanda ya iya fitowa, domin ta dubi mijinta a durƙushe ta ga ya gane, kuma ba a dukan wanda ya riga ya faɗi.

Inna ta lalubo kafaɗarsa. Ta ce ba komai, haka Allah ya so, ya gaya mata kawai, da wa yaron yake kama? Malam ya buɗe baki, ya dubi sikirin ɗin. Ya daɗe yana duban sikirin iri-iri, amma Malama ta tabbata wannan ne karo na farko da ya dubi abin da ke ciki. Ya ce goshin na Baba ne. Ya ce kunnuwan ma.

A can yaron ya yi wata 'yar ƙara, ya bushe da dariya. Fuskar Inna ta washe. Ta ɗaga tabilet ɗin da hannu biyu, faɗinta duk ya rufe mata rabin kai, ta kara ta a kunne kamar yadda ta saba yi da 'yar wayarta mai maɓalli, tana ce masa yi magana mana, mai gida, ina jin ka.

Hannun Malam ya tashi da kansa, zai gyara mata riƙon. Malama ta cafke wuyan hannun, ta mayar masa da shi kan cinyarsa, ba ta sake shi ba har aka gama kiran.